Ƙidayar jariran da ba su cika wata ba: littafin aikinmu a zangon Kumasi

11 ga Janairu, 2025

A zaman yau mun tsayar da tambayar da aikin nan zai amsa, kuma guda ɗaya ce: cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Aboabo, Asawase da Sawaba, nawa ne ke rasuwa ba su cika kwana 28 ba? A takarda lissafin ba shi da wuya. A ƙirga jariran da suka rasu daga ranar haihuwa zuwa kwana na 27, a raba da yawan waɗanda aka haifa da rai a daidai wannan lokaci, a ninka da 1,000. Aikin duka yana wurin samo lambobin nan biyu, ta sama (waɗanda suka rasu) da ta ƙasa (waɗanda aka haifa da rai).

Ga abin da ake da shi na ƙasa baki ɗaya. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi a 2022 ya ba da 17 cikin 1,000. Irinsa na 2014 ya ba da 29, binciken lafiyar mata masu haihuwa na 2017 kuma ya ba da 25. An ci gaba, babu musu. Amma binciken 2022 ɗin ya ce yara 28 cikin 1,000 ba sa cika shekara, 40 ba sa kai shekara biyar. Ke nan cikin 28 da ke rasuwa kafin shekara, 17 a watan farko suke tafiya. Sauro da gudawa da ƙyanda an rage musu ƙarfi da gidan sauro da allura, watan farko ne ya fi taurin kai. Alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka a Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kowace ƙasa ta sauko zuwa 12 ko ƙasa da haka kafin 2030 ta wuce.

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai zagaya gidaje, a Aboabo aka binne cibiyata. Waɗanda muke aikin tare matan makarantar dare ne, da wasu ɗalibai masu karatun lafiya, da tsofaffin ungozomomi. Lambar Ghana baki ɗaya tana haɗa mai gida a Nhyiaeso, unguwar masu hali, da mai ɗaki ɗaya a gidan haya na mutum talatin, ta fitar da tsaka-tsaki. Mu muna son mu san inda lungunanmu suka faɗa.

25 ga Janairu

Makonnin nan biyu na neman izini ne. Mun kai takarda ofishin lafiya na gundumar Asokore Mampong, mun miƙa tsarin aikin ga kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, mun kuma je gaisuwa wurin sarakunan unguwa da limamai. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta hau kanmu kamar yadda ta hau kan kowa, don haka babu sunan mace a fom, lamba kawai. Littafin da ya haɗa lamba da suna yana cikin akwati mai kwaɗo.

Mun yi gardama a kan tambayar farko. Akwai hanya biyu. Ta da ita ce a ce wa mace ta lissafo 'ya'yan da ta haifa da rai, ɗaya bayan ɗaya, sannan a tambayi wanda yake nan da wanda ya rasu. Ta biyu ita ce a bi kowane ciki da ta taɓa ɗauka, a ji yadda ya ƙare: haihuwa, ɓari, ko jariri ya zo babu rai. An gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a wurare biyar na Afirka da Asiya, ciki har da Kintampo a nan ƙasar, aka buga sakamakon a 2020. Bin ciki ɗaya-ɗaya ya fi tono jariran da suka zo babu rai. Ta biyun muka ɗauka.

Dalilina na kaina ya wuce wancan binciken. Idan kin ce wa mace «'ya'yanki nawa», waɗanda suka ci suna za ta lissafo miki. Wanda ya zo da asuba ya koma kafin azahar ba ya cikin wannan lissafi a bakin kowa. Ba a yanka masa rago ba, ba a zauna karɓar gaisuwa ba, maza biyu ko uku ne suka kai shi. Amma shi ne ainihin wanda muke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a watan farko, a makon farko suke rasuwa, kuma ranar farko ta fi kowace rana haɗari.

9 ga Fabrairu

Wannan makon kan abu ɗaya ya ƙare: ina iyaka tsakanin jaririn da ya zo babu rai da wanda ya zo da rai ya koma nan take? Zan tsaya a kai sosai, domin duk lissafin a nan yake tsayawa ko ya rushe.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri ya zo da rai idan bayan fitowarsa ya nuna kowace alama ta rai: numfashi, bugun zuciya, bugun igiyar cibiya, ko motsin gaɓa na gaske. Ko na minti ɗaya ne, ko cikin wata nawa ne. Irin wannan jariri yana shiga lambar ƙasa a matsayin haihuwa, yana kuma shiga lambar sama a matsayin rasuwa. Wanda ya zo babu ko ɗaya daga alamun nan, idan cikin ya kai mako 28, lissafinsa daban ne, ba ya shiga sama ba ya shiga ƙasa.

Wata daga cikin matan makaranta ta kawo shawara mai kyau a ido. Ta ce mu tambaya ko an yi wa jaririn salla, tunda wannan abu ne da ba a mantawa. Sai muka je wurin wani malami a Asawase da ke karantar da fiƙihu bayan asuba. Na ce: «Allah gafarta Malam, jaririn da ya faɗo ya motsa hannu, bai yi kuka ba, ya cika, ana yi masa salla?» Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kukan farko ake dubawa. Wanda bai yi kuka ba, ba a sallatarsa, ba ya gado, ba a gadonsa, kuma motsi kaɗai bai isa ba. Ya ƙara da cewa wannan hukuncin salla ne da gado, bai hana mu rubuta abin da ido ya gani don neman magani ba. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, kuma na roƙe shi ya maimaita ta a gaban sauran limamai.

To ga inda aka rabu. Jaririn da ya motsa bai yi kuka ba, a wurin liman ba a yi masa salla, a wurin uwa «bai zo da rai ba», a fom ɗinmu kuwa haihuwa ce da rai da rasuwar ranar farko. Tambayar salla ita kaɗai za ta ɓatar mana da su. Yanzu tambayoyi uku muke yi a jere, kowace daban: ya yi kuka? ya motsa? ya yi numfashi ko sau ɗaya? Sannan mu tambayi wa ya gani. Sau da yawa uwar ba ta ga komai ba, tana cikin wahala, an ɗauke shi an naɗe. Kaka ko gwaggo ko ungozoma ce ta riƙe shi, ita ake nema.

Bari in nuna da misali abin da wannan iyaka take yi wa lissafi. Lambobin na misali ne kawai. A ce an yi haihuwa 1,000 a wata unguwa, 15 sun zo babu rai, 985 da rai, cikinsu 20 suka rasu kafin kwana 28, 15 daga ciki a makon farko. 20 a raba da 985 a ninka da 1,000, an sami 20.3. Yanzu a ce biyar daga waɗanda suka rasu cikin mintunan farko an rubuta su a matsayin waɗanda suka zo babu rai. Lambar sama ta koma 15, ta ƙasa 980, sakamako 15.3. Unguwa ta sauko daga 20 zuwa 15 a takarda, alhali kaburbura ba su ragu ko da ɗaya ba.

Shi ya sa za mu fitar da lamba ta biyu tare da ta farko: a haɗa waɗanda suka zo babu rai da waɗanda suka rasu a makon farko, a raba da dukkan haihuwa. A misalin nan, 15 da 15 ne ko 20 da 10, duk 30 cikin 1,000 ne. Duk gefen da aka ajiye jaririn, wannan lamba ba ta motsi.

Akwai wani dalili da ya sa ba na son a wuce wurin nan da sauri. Jaririn da ya fito a sake, shiru, zuciyarsa na bugawa, shi ne wanda ake iya cetowa a minti na farko idan an tsane shi, an murza bayansa, an hura masa iska da jakar numfashi. Idan duk irinsa aka rubuta «ya zo babu rai», babu wanda zai tambayi ko jakar tana ɗakin, ko akwai wanda ya iya aiki da ita cikin dare. Haka ma muna tambayar yadda fatarsa take. Idan ta saɓule, ya kwana biyu da rasuwa a ciki, matsalar ta lokacin awo ce. Idan fatar lafiya lau take, galibi wurin naƙuda abin ya faru.

22 ga Fabrairu

Mun fara shiga gidaje. Abin da ya fi tsaya mana shi ne kara. Wasu matan, musamman waɗanda kaka ta raina, ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa sa shi a lissafi a gaban baƙo, balle a ce ɗan farin ne ya koma. Kuma haihuwar fari tana cikin masu haɗari.

Wata tsohuwar ungozoma a Sawaba, da ta karɓi haihuwar rabin lungunta kafin a koma asibiti, ta ja ni gefe bayan ta saurari tambayoyinmu. Ta ce: «Ɗiyata, ba a shiga da takarda a hannu. Ki zauna, ki sha ruwa, ki yi mata gaisuwar wanda ya tafi ko shekara goma ce. Da yawa ba wanda ya taɓa yi musu.» Na ce: «Mma, in ta yi kuka fa?» Ta ce: «Ki bar ta ta yi. Ki rufe littafin. In ta ce ki dawo, ki dawo.»

Mun mai da wannan ƙa'ida. Ana tambaya a ɗaki, ba a tsakar gida ba, ba a gaban uwar miji ko kishiya ba. Budurwa ba ta tambayar sa'ar uwarta, mun haɗa kowace ɗaliba da babbar mace. Wadda ta ce ba ta so, an gode mata an fita. Muna rubuta cewa ta ƙi, domin idan masu ƙin sun fi yawa cikin waɗanda suka yi rashi, lambarmu za ta fito ƙasa da gaskiya, kuma dole mai karatu ya san haka.

15 ga Maris

Azumi ya rage tafiya. Da hantsi kawai muke fita, kafin mata su shiga hidimar buɗa-baki. Na yi amfani da lokacin na duba fom ɗin da suka dawo, ina bin layin kwanaki.

A nan al'adarmu ta taimake mu. Mu ranar da aka haihu, ita ce ranar suna a mako mai zuwa: haihuwar Talata, sunan Talata. A lissafin lafiya ranar haihuwa sifili ce, makon farko kuma daga 0 zuwa 6. Ke nan «ya koma kafin suna» ya yi daidai da rasuwar makon farko, kusan babu gyara. Mace za ta iya mance kwanan wata, amma ba ta mance ko an raɗa suna.

Iyakar kwana 28 ce ba ta da abin jingina. Bayan suna sai arba'in, tsakani babu wani taro. Amsar da ake ba mu ita ce «ya yi kamar wata ɗaya» ko «bai yi arba'in ba». Kwana 25 yana cikin lissafinmu, kwana 32 ba ya ciki, kuma duka biyun «wata ɗaya» ne a baki. Masu manyan bincike sun san wannan, amsoshi suna taruwa a kan kwana 7 da wata ɗaya da shekara ɗaya, shi ya sa suke rubuta shekarun jariri da kwanaki idan bai kai wata ba. Mu muna bi ta littafin awo na uwa da ɗa, wanda ke ɗauke da ranar haihuwa. Ranar rasuwa kuma sau da yawa waya ce ke ba mu: saƙon sanarwa a WhatsApp na dangi, ko kuɗin gaisuwa da aka turo ta waya, duk da kwanan wata a jiki. Idan babu ko ɗaya, muna tambayar Juma'a nawa aka yi bayan suna. Wanda ya ƙi warwaruwa muna ajiye shi a rukuni na daban, mu yi lissafi sau biyu, da shi da kuma ba shi.

Don ranar farko, awa muke tambaya. Jaririn da aka haifa bayan isha ya rasu kafin asuba, uwa za ta ce ya kwana, alhali bai cika awa 24 ba.

12 ga Afrilu

An sha salla, mun koma. Wannan karon lambar ƙasa ce a gabanmu, wato yawan waɗanda aka haifa da rai, kuma ta fi yadda ake zato wuya.

Wasu sun ce me ya sa ba za mu ɗauki alƙaluman asibiti kawai mu huta ba. Gaskiya ne yanzu fiye da mata takwas cikin goma a Ghana a asibiti suke haihuwa, tun da aka sa haihuwa kyauta a inshorar lafiya a 2008 abin ya ƙaru, kuma kowane asibiti yana tura alƙalumansa wata-wata cikin tsarin DHIMS2 na Hukumar Lafiya ta Ghana. Amma littafin asibiti yana amsa tambayar asibiti ne, ba ta unguwa ba. Mace ta haihu lafiya, an sallame ta washegari, jariri ya yi zazzaɓi a kwana na biyar ya rasu a gida. A littafin ɗakin haihuwa yana nan a matsayin wanda aka sallama da rai, kuma ba ƙarya aka rubuta ba.

Ta ɗaya gefen kuma, a dubi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Can ake tura bakwaini da jaririn da ya sha wahalar naƙuda daga duk yankin Ashanti da ma wasu yankuna. Idan aka ɗauki duk jariran da suka rasu a sashensu na uwa da jariri, aka raba da waɗanda aka haifa a cikin asibitin kaɗai, lambar za ta yi sama ƙwarai, domin a sama akwai jariran da haihuwarsu take a littafin wani asibiti. Ƙaramin asibitin da ya turo su kuma lambarsa ta fito tas. Wanda bai san wannan ba zai zargi wurin da ya karɓi mafi wuya, ya yabi wurin da ya tura. Ƙa'idar ita ce duk jaririn da ke sama dole haihuwarsa ta kasance a ƙasa.

Rajistar haihuwa da mutuwa ma ba za ta wadatar ba, duk da sabuwar dokar 2020 da kuma cewa rajistar jariri kyauta ce kafin ya cika shekara. Wanda ya rasu da kwana biyu, aka binne shi a ranar kamar yadda addini ya ce, wa zai je ya yi masa takardar haihuwa da ta rasuwa?

Don haka mun tsaya a kan mazaunin uwa, ba inda aka haihu ba. Sai dai zango wurin shige da fice ne. Yarinya da cikin fari tana tafiya goyon ciki gidan iyayenta a Tamale ko Bawku ko Wa, wata har Nijar ko Nijeriya, ba ta dawowa sai ta yi arba'in. Wata kuma daga Accra take zuwa wurin uwarta a Aboabo ta haihu ta yi wankan jego ta koma. Mun ce wadda gidan aurenta yake nan tamu ce ko a ina ta haihu, wadda ta zo wanka kawai ba ta cikin lissafi. Wannan na nufin idan an ce mana «ta tafi gida haihuwa», sai mun koma bayan ta dawo. Wadda ta yi rashi a can takan daɗe ba ta dawo ba, wata ma auren ke mutuwa. Idan masu goyo kaɗai muka tarar, mun yi wa kanmu lissafi mai daɗi.

Waɗanda suka fi damuna su ne 'yan mata masu dako a Kejetia da babbar kasuwa, da suke kwana da yawa a ɗaki ɗaya a gefen unguwanninmu. Yawancinsu daga arewa suke, Dagbanci ko Mamprusanci suke ji fiye da Hausa, kuma ba su cikin lissafin kowane mai gida. Mun sami mata biyu masu jin harshensu. Na nace a sa su, ko da aikin zai ƙara tsawo.

10 ga Mayu

Wasu matasan unguwa masu kishi sun zo suna neman lamba, suna son su kai ta gaban hukuma su kuma sa a Facebook. Niyyarsu mai kyau ce, amma na ce su dakata, na zauna na yi musu lissafi a allo. Ina rubuta shi a nan don duk mai irin wannan aiki.

A ce unguwa tana da haihuwa 400 a shekara, jarirai 8 suka rasu. Lamba ta ba da 20. Idan 9 ne, 22.5. Idan 6 ne, 15. Jariri ɗaya yana motsa lambar da 2.5. Masu ilimin ƙididdiga suna da hanyar faɗin tazarar da ainihin haɗarin yake ciki, kuma ga rasuwa 8 cikin 400 tazarar daga kusan 9 ce zuwa 39. Wato da wannan lamba ba za a iya cewa unguwar ta fi ƙasa muni ba, ba za a iya cewa ta fi ta kyau ba. Idan aka tara shekara uku, haihuwa 1,200 da rasuwa 24, lambar tana nan 20, tazarar ta matse zuwa kusan 13 da 30. Har yanzu 17 tana ciki. Kamar mai awon hatsi ne da ya ɗebi tafi ɗaya yana son ya faɗi tsakuwar da ke buhu.

Hukumar Ƙididdiga da kanta, da ta tambayi mata kusan 15,000 a 2022, shekara biyar ta tara kafin ta fitar da 17 ɗin nan. Mu ma shekara biyar za mu tara, 2020 zuwa 2024, unguwanni ukun a haɗe. Ba za mu jera Aboabo da Asawase da Sawaba mu ce wannan ta fi wannan ba, haihuwar ba ta kai yawan da za a yi haka ba, kuma irin wannan jeri sunan unguwa kawai yake ɓatawa. Komawa baya ma tana da farashi, domin abin da ya daɗe ya fi saurin faɗuwa daga baki, shi ya sa ba mu wuce biyar ba.

Wani daga cikinsu ya ce: «Anti, in lambar ta fito sama da ta Ghana baki ɗaya fa, ba mun tona wa kanmu asiri ba?» Na ce masa duk inda aka fara ƙidaya da kyau lamba takan hau da farko, saboda an samo waɗanda da ba a rubuta su. Idan tamu ta fito 8 ko 9, ni ba zan yi murna ba, komawa zan yi in nemi waɗanda muka tsallake.

31 ga Mayu

Ruwa ya hana mu shiga lungunan bakin rafin Aboabo. Mun zauna shigar da fom a kwamfuta. Mutum biyu ne ke shigar da kowane fom, kowa daban, sannan a gwada. Inda suka saɓa a koma takarda.

21 ga Yuni

Mun fara zagaye na biyu, gidajen da aka yi rashi kaɗai, da tambayoyin gano sanadin rasuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don inda babu takardar likita. Ba a tambayar uwa me ya kashe shi. Ana tambayar abin da ta gani: watan cikin, tsawon naƙuda, ko ya kama nono sannan ya daina, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko idonsa da tafinsa sun yi rawaya, ko ya sanƙare. Likitoci biyu za su karanta kowanne su faɗi sanadi.

Manyan sanadai a duniya sanannu ne: haihuwa kafin mako 37, wahalar naƙuda da ke hana numfashi, ƙwayoyin cuta da ke shiga jini, da nakasar halitta. Amfanin raba su da kwanaki shi ne kowanne yana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Rasuwar ranar farko tana nuna ɗakin haihuwa da hanyar zuwa can. Ta kwana uku zuwa suna tana nuna bakwaini da sanyi da ciwon shawara. Ta bayan suna galibi cuta ce, kuma a nan ake tambayar abin da aka sa a cibiya, da wanda ya duba jariri bayan sallama. Ƙa'idar ita ce a duba uwa da ɗa cikin awa 24, a sake a kwana na biyu zuwa uku, a sake tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida.

Mun ƙara tambayoyin da ba na ciwo ba: wa ya fara lura, wa ya yanke shawarar a fita, awa nawa aka yi, da me aka tafi, ƙofa nawa aka bi kafin a sami gado. Muna kuma tambayar ko an fara kai shi wurin mai magani. Maƙwabtanmu Asante suna da ciwon jarirai da suke kira asram, wanda ake cewa ba na asibiti ba ne, kuma maganar ta shigo gidajenmu. Ba da faɗa muke tambaya ba. Uwar da ta ji za a zarge ta, ba za ta faɗi awannin da suka wuce ba, mu kuma awannin muke nema.

19 ga Yuli

An gama zagayen farko, saura gidajen waɗanda suka tafi haihuwa ba su dawo ba da ɗakunan 'yan dako. Mun sa ƙarshen Satumba a rufe shigar da fom. Abin da za mu fitar lamba uku ne tare, kowace da tazararta: ta kwana 28, ta waɗanda suka zo babu rai, da ta haɗin nan na makon farko. A gefe za mu rubuta yawan gidajen da suka ƙi, da yawan waɗanda kwanakinsu ba su tabbata ba. Iyayen da suka ba mu labari su za su fara ji, a makarantun dare, kafin ofishin lafiya, kafin intanet.

Daga watan gobe kuma za mu buɗe littafi na gaba, wanda ba ya dogara da tuna baya. Kowace mata ta makaranta za ta riƙe lungunta, ta rubuta ciki tun ya fito da yardar mai shi, ta je ranar haihuwa, ta je ranar suna, ta koma a kwana na 28. Cikin da aka rubuta tun farko ba ya ɓacewa daga lissafi, duk yadda ya ƙare. Nas ɗin gunduma ta yarda ta koya musu alamun haɗari, don wadda ta je ƙidaya ta tarar da jariri ya daina kama nono ta san wa za ta kira. Ana buƙatar ma'aunin zafin jiki ga kowace, da kuɗin kiran waya na wata-wata, kuma limaman Asawase sun ce za su yi maganar a masallatai ranar Juma'a mai zuwa.